Tulun da Na Ɓoye a Cikin Salansa

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Akwai ɗan mai kuɗi a ciki, akwai askarawa, akwai mota, amma da aka zo rabon wauta ni na kwashi kaso mafi tsoka. Kuma ba ƙuruciya ce ta ja ni ba, a lokacin ina da 'ya'ya huɗu, furfura ta fara leƙowa a gemuna.

Sana'ata samkari, kamar yadda ake ce mana a Jidda, wato mai yanka gwangwani ya liƙe da dalma. Rumfata tana unguwar Hindawiyya. Mazurari, buta, fitila, bokitin ruwa, duk abin da gwangwanin kananzir zai iya zama, na mai da shi. Karatuna bai yi nisa ba. Ina gane lamba, ina gane sunana in an rubuta shi da girma, sauran kuwa sai in gyaɗa kai in yi fuskar malamai. A goye aka shigo da ni ƙasar nan. Iyayena sun zo hajji a ƙafa ta Sudan, suka ce sai sun ɗan huta su koma gida, kuma suna nan suna hutawa a maƙabarta har yau. Da yake kullum shirin komawa ake, ubana bai taɓa nema mana takardar 'yan ƙasa ba. Da iƙama, takardar zaman baƙo, na girma, da ita na yi aure.

Kafilina, wato wanda ya tsaya mini a kan takarda, wani Alhaji ne mai shigo da kayan gyaran mota ta tashar jiragen ruwa. Ba mugu ba ne, amma yana da wani kallo da ke sa mutum ya manta abin da ya kawo shi. A shekarun da kuɗin mai suka fara cika gari da motoci, iƙamata ta ƙare, na kai masa don a sabunta. Wata uku shiru, ni kuma na kasa zuwa in tambaya. Wanda bai taɓa zama ba takarda ba, ba zai gane ba. Kana cin abinci, kana dariya, amma da ka hango motar askarawa sai ka tuna kana da aiki a cikin lungu. Waɗanda aka kama, tara su ake a zuba a jirgin ruwa a sauke a Bur Sudan, daga nan kowa ya nemi hanyar garinsu. Ni kuwa garinmu Hindawiyya ne. Kano a bakin uwata kawai na san ta.

Alhaji yana da ɗa, saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, wanda Allah ya jarrabe shi da son gudu. Wata ranar Talata ya tsaya ƙofar rumfata da wata 'yar mota ta ƙasar Turai, irin mai injin babur, wadda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur tana tafe tana tari da shuɗin hayaƙi. Ya shigo ya shimfiɗa mini wata takarda da ya yago daga mujallar Turawa. Hoton wani bututu ne, siriri daga baki, ya kumbura a tsakiya, ya sake tsukewa a wutsiya.

"Ya ammi," in ji shi, wato baffa, "ka san wannan?"

"Tulu ne," na ce, "amma wanda ya gina shi bai iya ba."

Ya yi dariya, sunan kuwa ya bi abin. Ya ce in aka cire salansa aka ɗaura wannan, hayaƙin da ya fita sai ya daki wutsiya ya dawo ya danna man da ke shirin zubewa cikin injin, mota ta ƙara ƙarfi kamar an ƙara mata doki. Na gyaɗa kai na yi fuskar malamai.

Daga nan ya faɗa mini sauran. Kowace Juma'a da safe wasu masu motoci, Larabawa da Turawan kamfani da 'yan Lebanon, suna taruwa a wani filin gishiri arewa da gari su yi tsere don nishaɗi. Kusa da filin akwai ɗan barikin askarawa masu gadin bakin teku. Hafsansu ya bar su su yi wasansu bisa sharaɗi ɗaya: kada ya ji ƙara. Ya ce ranar da ƙara ta iso kunnensa zai zo da babbar mota ya duba takardun kowa. Dalili kuwa, an taɓa samun wani da ya zo da irin wannan tulu, ya rantse salansa ce tunda tana da ciki, aka yi ta musu, aka bar shi ya tayar, har tantabarun barikin suka watse. Tun ranar aka ƙara layi da alƙalami a ƙasan dokokin tseren: kowace mota da salansa mai haɗiye ƙara, tulu kuwa ba salansa ba ne komai girman cikinsa, kuma ba a shiga da shi.

"To me ya kawo ka wurina?" na ce.

"An riga an yi mini tulun, mai walda ya haɗa. Riga nake so ka ɗinka masa. Rigar gwangwani, wanda ya leƙa ya ga salansa."

"Ka koma wa mai waldar."

"Abokin alƙalin tseren ne, tare suke shan shayi. Kai kuwa ba ka da surutu."

Wannan ƙarya ce, duk Hindawiyya sun san ina da surutu. Na ce masa ni mai buta ne, ba ruwana da mota. Sai ya ɗauki wani mazurari yana jujjuyawa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Takardarka tana wurin abuya, ko? Ya cika mantuwa kwanan nan. Ni nake tuna masa abubuwa."

Na ce ya kawo tulun.

Kwana biyu na yi a kai, kuma in faɗi gaskiya aikin ya yi kyau. Na buɗe gwangwanaye uku na naɗe su doguwar ganga, na sa tulun a ciki. Na cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a kewayen wutsiyar don ya sha ƙarar. A bakin fita na sa ɗan faranti mai huji, saboda an ce alƙalin sanda yake sokawa, in ta wuce zarr ba ta taɓa komai ba ya san ciki fanko ne. Sannan na liƙe kowace gaɓa da dalma, layi sumul kamar ɗinkin tela. Na san dalma tana narkewa a wuta, ai da wuta nake narkar da ita kullum. Amma na zauna na yi tunani irin na masana. Na ce hayaƙi ai ba wuta ba ne. Na ce ga butar shayina can, da dalma na liƙe gindinta, shekara biyu tana hawa gawayi ba ta taɓa ɗiga ba. Na gamsu da hujjata, na shafa wa rigar baƙin fenti.

Na ɗauka aikina ya ƙare. Ranar Juma'a bayan sallar asuba sai ga shi a ƙofar gida yana danna oda. Wai doka ta ce mutum biyu a kowace mota, saboda in ta kafe a laka a sami mai turawa, abokinsa kuma ya yi ƙiba.

"Kai ba ka da nauyi, ya ammi. Yalla."

"Ba ni da takarda, ya waladi. Ban wuce kasuwa ba wata uku."

"Kana tare da ni, wa zai tambaye ka?"

Matata tana tsaye bayan labule, ta ce, "Malam, ina za ka?" Na ce mata wani gyara ne a Aziziyya.

Filin fari fat, shimfiɗe har inda ido ya gaji, an kafa gangunan mai a kusurwa huɗu don a riƙa kewayawa. Can gefen teku na hango barikin, ɗan gini mai tuta da babbar mota a inuwarsa. Tun da na gan shi ban sake ganin komai da kyau ba.

Alƙalin tseren ashe Bahaushe ne, daga cikin namu na Sudan, babban makanike a tashar jiragen ruwa, dogo mai farin rawani da sandar ƙarfe a hannu. Ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa. Da ya zo tamu ya kwanta a ƙasa ya daɗe. Ya kankare fentin da farce, dalmar ta yi walƙiya. Ya ɗago ya dube ni, ya juya harshe zuwa Hausa.

"Malam, aikinka ne wannan?"

"Nawa ne."

"Da me ka liƙe?"

"Da abin da ubana ya liƙe."

"Uban naka mota yake liƙewa?"

Ya soka sandar, ta daki farantin ta tsaya. Ya sa aka tayar da injin, ya karkata kai ya saurara, motar tana gurnani a hankali kamar kyanwa.

"Salansa ce dai a ciki, ya zol? Ba wani abu?"

Nan ne wurin da mai hankali zai yi magana. Ɗan Alhaji yana tsaye a bayansa yana kallona, ya ɗora yatsa a kan aljihun rigarsa, daidai inda ake sa takarda.

"Salansa ce," na ce.

"To. Salansa ba ta zafi can-can, wataƙila ta kai ku. Allah ya kiyaye."

Aka kifa mini hular kwano irin ta magina, ta sauko har hancina. Alƙalin ya ɗaga jan ƙyalle ya sake. Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara shi ba, domin rabinsa idona a rufe yake. Na san dai kujerar ta dake ni a baya, na san na kama ƙofa da hannu biyu, na san na fara karanta duk abin da na haddace har da addu'ar shiga kasuwa. A gangar farko motar ta karkata, na ga ƙasa ta taso ta tagar gefena, na ce shi ke nan, yarana sun zama marayu a kan buta.

Muka yi kewaye ɗaya, muka yi biyu. Muna wuce motoci, yaron yana ihu yana dukan sitiyari. A na uku sai na ji tafin ƙafata ya yi zafi ta cikin takalmi. Sannan wari ya shigo. Duk duniya ba warin da na sani kamar wannan, shi nake shaƙa tun ina ɗan shekara bakwai: dalma ce ta fara gudu. A daidai wannan lokaci, cikin gudun da ban taɓa yi ba, Allah ya buɗe mini ilimin da ya hana ni ranar Laraba. Butar shayi da ruwa a cikinta take hawa wuta.

"Tsaya!" na ce. "Ya waladi, tsaya, rigar za ta cire!"

"Saura biyu!"

"Wallahi narkewa take!"

"Riƙe ƙofa, ya ammi!"

Na farko wata ƙara ce kamar an ja kwano a kan dutse. Na waiga na ga soson ƙarfen yana fita ja wur, guntu-guntu, yana tashi a iska. Sai gangar gwangwanin ta buɗe ta faɗi, ta yi ta birgima a kan gishiri. Daga nan tulun ya buɗe bakinsa.

Na taɓa jin igwar shan ruwa a kusa, na taɓa tsayawa gefen jirgi yana busa. Wannan daban ne. Ƙara ce siririya mai tsaga, ta-ta-ta-ta ba numfashi, kamar bindiga mai jigida a cikin ɗakin kwano. Haƙorana suka ɗauki rawa. Motar kuwa sai ta zabura kamar an cire mata dabaibayi, muka wuce ta gaba, wani Bature a ciki ya saki baki yana kallonmu. Yaron yana dariya har da hawaye. Ni ba motar nake kallo ba. Barikin nake kallo, na ga mutane sun fito da gudu, na ga babbar motar ta bar inuwa, ƙura ta tashi a bayanta ta miƙo wajenmu.

Ba a ƙarasa tseren ba, kuma ba a sake yin wani a filin nan ba. Aka jera mu a rana. Hafsan ya sauko, gajere mai gashin baki, askarawansa riƙe da bindigogi don sun ɗauka harbi ake. Wani ya kawo masa rigar gwangwanina a kan sanda, baƙa, a wangale, har ana iya karanta tambarin kananzir a cikinta. Alƙalin ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motarmu, ya ga tulun tsirara. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya dube ni. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

"Takardu," in ji hafsan.

Kowa ya shiga lalube. Na ji ana buɗe jaka, ana miƙawa, ana cewa halas, wuce. Layin yana gajarcewa yana matsowa. Na sa hannu a aljihu ni ma, don kada in tsaya haka kawai, na taɓo guntun dalma da ashana.

"Kai fa?"

Yaron ya ce, "Mutumin abuya ne, takardarsa tana wurinsa."

"To uban naka ya kawo ta. Gobe da safe mota za ta shiga gari da duk wanda ke hannunmu."

Sai na ga fuskar yaron ta canza, ta koma kalar filin. Ya ja ni gefe yana raɗa. Ashe Alhaji bai san da tseren ba, bai ma san an fitar da motar daga sito ba.

"Ka yi haƙuri, ya ammi, zuwa jibi ko gata. Sai na sami ranar da ransa ke da daɗi."

"Gobe da safe aka ce!"

"Zan san yadda zan yi."

Ya shiga motar wani abokinsa, ko waiwaye bai yi ba.

A barikin ba wanda ya taɓa ni. Benci suka ba ni a inuwa, yana fuskantar teku, kuma da sun sani da sun juya shi. A shekarun nan jiragen ruwa layi suke yi a bakin tasha suna jiran sauke kaya, ga su nan birjik har ƙarshen ruwa. Na zauna ina zaɓen wanda za a sa ni. Na ce wancan mai tsatsa ne, irinsa ake ba mu. Na tuna takardar matata da ta yara duk a jikin tawa suke rataye. Na yi ƙoƙarin tuno sunan unguwar da uwata ke faɗa a Kano, ko zan sami wanda zan tambaya in na isa, sunan ya ƙi zuwa.

Hafsan ya fito da littafi ya zauna.

"Ina ne ƙasarku?"

"Hindawiyya."

Askarawa suka fashe da dariya. Shi bai yi ba.

"Kafin Hindawiyya?"

"Bayan uwata, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta wani abu. Da na iya karatu da na san ko mene ne, da yake ban iya ba sai na ɗauka sunan jirgi ne.

Juma'a ta wuce ni a kan benci. Da suka tashi salla suka kira ni, na shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da wanda aka sa ya tsare ni. Bayan sallama ya miƙo mini shayi, na riƙe kofin ina kallonsa har ya fara hucewa. Ya ce, "Sha, ya hajji, ba yanka ka za a yi ba." Na ce masa na sani. Ban sani ba.

Rana ta karkata, inuwar ta bar bencin, ban matsa ba. Duk ƙurar da ta tashi a hanya sai in miƙe, sai ta zama iska. Bayan la'asar wata ta taso ba ta watse ba, ta zama baƙar motar Alhaji. Alƙalin tseren ne a gaba kusa da direba, yaron a baya a takure gefen ubansa. Daga baya na ji yadda aka yi. Mutumin da na yi wa ƙarya ido da ido, shi ya je ya tsaya a ƙofar masallacin da Alhaji ke Juma'a, ya bi shi gida, ya jira ya ci abinci ya yi barcin rana ya tashi, sannan ya faɗa masa komai.

Alhaji ya shiga wurin hafsan, aka kai musu shayi, aka daɗe. Da ya fito ya miƙo mini iƙamata, sabuwa, da hatimi.

"Wata biyu tana cikin teburina," ya ce. "Na aiko wannan ya gaya maka. Me ya hana ka zuwa?"

Na dubi yaron. Yaron yana kallon jiragen ruwa.

Muka kama hanyar gida. Na yi wa alƙalin godiya da Hausa, ya ce ba don ni ya yi ba, an ce masa ina da yara. Na riƙe takardar da hannu biyu har Hindawiyya, ina buɗewa ina duba sunana, shi kaɗai nake iya karantawa a ciki, kuma yana nan.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da matata zaune a tsakar gida, idonta ya kumbura, maƙwabta mata biyu suna tashi za su fita. Ta karɓi takardar ta juya ta gaba da baya, ta kai ɗaki ta kulle a akwati, ta dawo ta ajiye mini abinci ba ta ce uffan ba. Na ci loma uku, na sha ruwa, sai na ji raina ya dawo, bakina ma ya dawo tare da shi. Shirun nata ya dame ni, na ga ya kamata a san cewa ba a banza na sha wuya ba.

"Amma fa ki sani," na ce, "lokacin da abin ya faru mu ne a gaba. Har Bature muka wuce. Duk filin nan ba wanda ya kamo mu."

Ta ɗauke kwanon daga gabana.

"Na ji, Malam. Da Alhaji ya zarce da barcinsa har safiya, da har Bur Sudan ba wanda zai kamo ka."